Ranar da Gawa Ta Yi Anko

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so in manta matan Zurmi ba za su bari ba, da ranar da na mutu na kuma tashi a gaban dangina kaf, cikin talabijin mai kala. Har yau in na je Zurmi gaisuwa sai wata tsohuwa ta leƙo daga ɗaki ta ce, "A'a, marigayi, yaushe a gari?" Ni kuwa sai in durƙusa in gaishe ta, don ba ni da bakin musu.

Bari in faro muku daga tushe. Lokacin Zamfara tana sabuwar jiha, an kuma fara Shari'a, ni ina Ƙaura Namoda ina zaga sana'o'i kamar akuyar da ta tsinke igiya. Na bar makaranta tun ina aji biyu na sakandare (ban ce kora ta aka yi ba, na dai fita shan ruwa ne ban koma ba). Na koyi ɗinki na gudu, na yi faci na gudu, na hau kabu-kabu har na fara jin daɗinsa sai aka hana mu ɗaukar mata, alhali su ne rabin fasinjana. Daga ƙarshe na maƙale a shagon Lawali mai hayar kaset, nan kusa da tasha, don shi kaɗai ne aikin da na gani a duniya wanda mutum zai wuni yana kallo a ce masa sannu da aiki.

A lokacin an rufe gidajen kallo, don haka fim ya koma cikin gidaje. Kaset ya shiga wannan gida da hantsi, ya fito da la'asar ya shiga na maƙwabta. Mu kuwa samari sai muka mai da bencin ƙofar shagon majalisa. Wata rana wani direban babbar mota da ke zuwa kurmi ya zauna ya ba mu labarin wani faifai da ya gani a can, wai in fim ya ƙare ba ya ƙarewa, akwai ƙari a bayansa. Za a nuna maka yadda aka ɗauka, da inda ɗan wasa ya yi kuskure aka fashe da dariya, har da mugun fim ɗin zaune yana cin abinci kwano ɗaya da wanda ya kashe. Muka ce ƙarya yake. Ya rantse. Daga ranar majalisarmu ba ta sake samun wata hira ba sai ta abin da kowa yake so a ƙara masa a bayan fim.

Akwai wani fim da duk garin aka haukace a kansa (ba zan faɗi sunansa ba, masu shi suna raye). Labarin wani yaron mota ne da uwarsa. A ƙarshe motar ta kife, aka kawo shi gida a kwance, uwar ta kwance zanen da ta yafa ta rufe shi da hannunta, sai sunaye suka fara hawa. Shi ke nan. Wani mahauci a majalisarmu ya ce shi dai a ƙara masa inda za a kama mai motar da ya ƙi gyara birki a yi masa dukan gaske, ba na wasa ba. Wani ya ce a dawo da waƙar da aka ce an yanke, sai aka ce ya rage murya, akwai masu kunne. Abokina Mudi mai kyamara, wanda ke ɗaukar bukukuwa, ya ce shi yadda aka kifar da motar yake son gani, don ya yi imani motar langa ce ta yara. Lawali kuwa ya ce kada a ƙara komai, in kaset ya ƙara tsawo shi zai sha wahalar tariyowa.

Ni kuwa hankalina ba ya wurin. Dalili, na san wadda ta fi mu duka buƙatar ƙarin nan, tana gida.

Kakata ce, amma duk gidan Inna muke ce mata. Ita ta raine ni tun da mahaifiyata ta sake aure a Galadi. Mahaifina direba ne, ya rasu a hanyar kurmi ina ƙarami, can aka yi masa sutura, sai labari kawai ya iso gida. Shi ne ɗan farin Inna, kun kuwa san yadda abin yake: ba ta taɓa kiran sunansa ba yana raye, ba ta yi kuka a gaban mutane da ya rasu ba, ko hirarsa aka ɗauko sai ta tashi ta ce za ta duba tukunya. Ni a iya sanina ban taɓa jin ta ambace shi ba. Amma tun ranar da na kawo mata wani tsohon kaset na fim ɗin nan, wanda Lawali ya ba ni don ya fara ja, sai ya zama in dai an kawo wuta za ta ce, "Maigida, sa min na yaron motan nan." (Maigida take kira na, irin wasan kaka da jika, ko da yake ban taɓa kawo cefanen ko barkono ba.)

Talabijin ɗinmu 'yar ƙarama ce, baƙi da fari, fuskarta ba ta fi faifan rufe tukunya ba, hoton kuma yana rawa kamar mai jin sanyi. Inna za ta matso da tabarma, ta kalla tun daga farko har inda uwar ta rufe yaron. Ba ta kuka. Sai dai ranar ba za ta ci tuwo ba, ta ce cikinta a cike yake. Abin ya fara damuna, don tana ramewa ina gani. Na ɓoye kaset ɗin na ce an are, ta daina yi mini magana har na fito da shi. Na ce mata, "Inna, wasa ne fa. Yaron nan yana Kano yanzu haka yana cin shinkafa da kaza."

Ta ce, "Na sani wasa na, ni ba yarinya ba ta. Da dai sun nuna shi ya tashi. Ko sau guda. Ya kakkaɓe rigatai ya tahi abinai."

To kun ji abin da ta so a ƙara mata. Ni kuma da kaina da ba ya zama wuri ɗaya, kafin gari ya waye na gama shirya fim.

Na sami Mudi. Kasuwarsa ta yi sanyi lokacin, tunda an hana kiɗa a biki ba mai son a ɗauke shi yana zaune yana cin alkaki. Kyamararsa irin babbar nan ce ta kafaɗa, wadda ake zura mata kaset ɗin bidiyo gaba ɗaya. Na ce masa bayan sunaye akwai sauran zare da ba komai a kai, mu liƙe ramin kaset ɗin da salatif mu ɗauki ƙari a wurin. Zan kwanta a rufe, shi ya ce an gama daga bayan kyamara, in tashi ina ba shi baya, in kakkaɓe riga, in ɗaga hannu, in tafi. Ba fuska, ba magana. Ya dube ni ya ce yaron fim ɗin dogo ne. Na ce a kwance kowa dogo ne.

Ranar da Inna ta tafi barka maƙwabta, na zari kaset ɗin, na sa kaftanina na fita kunya, shi ke nan mini guda. Na duba abin rufa, sai na ga an jera wasu sababbin atamfofi a kan adakar Inna, ko ɗinki ba a yi musu ba, masu zanen ƙwallaye kamar na fim ɗin. Ban tambayi na mene ne ba, na zari ɗaya. Muka tafi wani kango a bayan tashar jirgin ƙasa, inda bangon ya ɗan yi kama da na gidan da ke cikin fim.

Mudi, Allah ya saka masa, ya yi mini gargaɗi. Ya ce zanen fim ɗin ruwan ƙasa ne, wannan kuwa kore ne shar da ɗorawa. Ya ce rigar yaron shuɗiya ce, tawa kuwa ruwan hoda. Na ce masa, cike da hikima, "Talabijin ɗin Inna ba ta san kala ba." (Ina jin a nan ne Shaiɗan ya tafa mini.)

Na kwanta a ƙasa, ya rufe ni. Abin da ban sani ba, a kan gidan cinnaka na shimfiɗa kaina. Na daure, na daure, da na ji ɗaya ya kama ni a tsakanin yatsun ƙafa sai na sa ɗaya ƙafar na sosa a hankali, ina fatan bai fito ba. Mudi ya ƙaƙalo Kananci daga maƙogwaronsa ya ce, "To madalla, an gama, tashi abinka." Na yaye zanen, na tashi, na kakkaɓe, na ɗaga hannu, na tafi ina taku irin na manyan 'yan wasa har na sha kwana. Da na sha kwanar kuwa na tuɓe rigar ina tsalle. Zanen ya kwashi ƙarangiya, na cire wadda na gani, na ninke shi na mayar ƙasan sauran.

Washegari aka kawo wuta da rana. Inna ta ce in sa mata. Muka kalla har uwar ta rufe yaron, sunaye suka hau, ta fara naɗe tabarma. Na ce ta dakata, wannan sabon kaset ne, daga Kano aka aiko wa Lawali, akwai ƙari. Hoton ya yi yayyafi, ya yi tsalle, sai ga gawa a kwance jikin bango. Wallahi a baƙi da fari ni kaina sai da na kusa yarda. Murya ta ce an gama. Gawa ta tashi.

Inna ta matso gab da talabijin. Ta sa hannu ta rufe bakinta. Can ta ce, "Mai da shi baya." Na mayar. Ta sake cewa in mayar. A na ukun ta juyo ta dube ni, dogon kallo, har na fara jin cinnakun jiya suna bin bayana. Sai ta ce, "Allah shi yi ma mutanen Kano albarka." Ranar ta cinye tuwonta tas, har ta ce miyar ta yi kaɗan.

Da na tsaya a nan da na zama mutumin kirki a labarin. Amma matan unguwa suka ji, suka riƙa shigowa kallon inda yaron mota ya tashi, ni kuma kaina ya fara kumbura. In an tambaye ni sai in gyara zama in ce ai irin wannan kaset ɗin guda uku ne kacal a duk Arewa. Na ce sai kana da hanya. A majalisa suka matsa in kawo su gani, na ce na Inna ne, ba ta ba da aro. Mudi yana gefe yana tari.

Ana haka bikin Saratu ya taso, 'yar Goggo Hajo, ƙanwar mahaifina da ke aure a Zurmi. Tunda ba makaɗa, abin da ake yi ranar wuni shi ne a kafa bidiyo a tsakar gida mata su sha kallo. Goggo ta aiko cewa in zo in haɗa musu waya, tunda ni ɗan gida ne zan iya shiga cikin mata, kuma Inna ta taho da kaset ɗin nan da ake ta labari. Ban ji komai ba. Na san talabijin ɗin Goggo, yayar tamu ce, ita ma baƙi da fari. Na wanke kaftanina na fita kunya (shi ɗin dai), na goge, muka shiga mota. Inna ta naɗe kaset ɗin a gefen mayafinta ta rungume shi har Zurmi, ko kwandasta bai isa ya taɓa ba.

Muna shiga gidan na ga tsakar gida ta yi kore shar. Mata ko'ina, manya da yara, duk sun yi anko, kore da ɗorawa mai ƙwallaye. Inna ma ta shiga ɗaki ta sauya ta fito cikin nata. Na tsaya ina cewa a raina, ina na san zanen nan? Ina cikin tunani sai na ji Hajiya Kulu, ƙanwar mijin Goggo, wadda aka sani da ido da baki, tana faɗa wa wasu cewa 'yan kasuwar Shinkafi sun daina tsoron Allah, sabuwar atamfa aka aiko mata daga wajen Inna a Ƙaura cikin rabon anko, ta buɗe ta tarar da ƙarangiya a ciki har da jar ƙasa.

Sai a nan na tuna inda na san zanen. Amma na ce ba komai, a baƙi da fari kowane zane ɗan'uwan wani ne.

Sai Goggo ta kira ni ɗaki ta nuna mini wani ƙaton kwali. Ta ce tsohuwar talabijin ta mutu tun da damina, wannan ta kayan ɗakin amarya ce, sabuwa fil, a fito da ita a yi wunin da ita kafin a kai jere. Na buɗe. Ko kunnawa ban yi ba na san mai kala ce, don a jikin kwalin ma an zana aku.

Jama'a, na yi ƙoƙari. Na ce bidiyon ya yi datti zai cinye kaset, Goggo ta ce jiya aka wanke shi. Na ce man janareto ba zai kai ƙarshen fim ba, mijin Goggo ya aiko da galan daga waje. Na ce ai ba kyau a sa fim ɗin mutuwa a gidan biki, ga wasu na ban dariya na zo da su, matan suka taso mini kamar na zagi iyayensu, wai saboda shi suka bar wanki. Dole na haɗa waya. Dabara ɗaya ta rage mini: sunaye na fara hawa in kashe, in ce zaren ya tsinke.

Ban taɓa ganin fim mai saurin wannan ba. A gida sai ka yi gyangyaɗi ka farka ba a kai rabi ba, ranar kuwa kamar ana tura shi. Ni kaɗai ne namiji, ina tsugune gefen talabijin cikin kaftani ruwan hoda, gumi yana bin ƙeyata. Mota ta kife, mata suka yi salati. Aka kawo yaro cikin shuɗiyar rigarsa, uwar ta rufe shi da zane ruwan ƙasa, ana ta jan hanci. Sunaye suka fara hawa. Na miƙa yatsa.

"Maigida," in ji Inna daga kan tabarmarta, ba ta ko ɗaga murya ba. "Ɗauke hannunka. Yanzu anka zo wurin."

Na ɗauke.

Yayyafi, tsalle, sai ga ta. Gawa kwance jikin bango, lulluɓe da atamfa kore shar da ɗorawa mai ƙwallaye, tana ƙyalli a sabuwar talabijin kamar an wanke ta da madara. Na ga mata suna duban talabijin, su dubi cinyoyinsu, su sake duban talabijin. Wata daga baya ta ce a hankali, "Ikon Allah. Gawa ta yi anko."

Ba a gama haɗiye wannan ba sai ƙafar gawa ta fito daga ƙarƙashin zane ta fara sosa 'yar'uwarta. A talabijin ɗin Inna wannan wurin duhu ne kawai. A nan kuwa har farcen ana gani. Sai murya ta ce an gama, tashi abinka, wata ta ce ai wannan Mudi ne mai kyamara, shi ya ɗauki bikin ƙanwarta, mi yas same shi yake magana kamar ya haɗiyi Bakano? Gawa ta yaye zane ta miƙe cikin kaftani ruwan hoda, ta ba mu baya, ga kunnuwa nan biyu a baje kamar hannun tulu.

Kawunan gidan nan gaba ɗaya suka juyo kaina lokaci guda. Na dubi rigata. Na yi ƙoƙarin rufe ta da hannu biyu, kamar hannu zai rufe kaftani.

Hajiya Kulu ce ta fara miƙewa, ta kama gefen zanenta da yatsa biyu tana nisanta shi da jikinta. Ta ce, "Kai ɗan nan. Wagga da nika ɗaure da ita, ita ta anka ruhe ka da ita?" Gidan ya fashe. Wata ta faɗi a kan 'yar'uwarta, wata ta rangaɗa guɗa, amarya da aka ce ta yi ta sunkuyar da kai ta leƙo ta taga tana riƙe da ciki. Daga waje maza suka aiko a tambaya ko lafiya. Wata ta tuna musu cewa ni na ce guda uku ne a duk Arewa, ta ce to ina sauran biyun, su ma ankon wa suka yi?

Duk wannan zan iya shanyewa. Abin da na kasa shi ne duban inda Inna take. Na san na gama da ita. Abin da ya dawo mata da cin tuwo ya zama abin dariya, ita kuma ta zama tsohuwar da jikanta ya yi wa wasa da hankali a gaban surukan 'yarta. Ina jin Hajiya Kulu tana share hawaye tana cewa, "Inna, yaron ga ya yi miki wayo, ya sa kin ɗauko ƙarya tun daga Ƙaura kin rungumo."

Inna ta bari dariyar ta ɗan lafa. Sannan ta ce, "Ni za a yi ma wayo da ƙeyar ɗiyan gidana? Tun ranar farko nig gane shi." Ta juya wajen Goggo. "Hajo, bar dariya ki matso. Maigida, mai da shi baya."

Wato ni da hannuna na tariyo abin kunyata, na sake kunna shi. Gawa ta sake sosa ƙafa, aka ɗan ƙyalƙyale, amma ba kamar ɗazu ba, don kowa ya ga fuskar Inna. Da aka zo wurin tashi ta nuna da yatsa.

"Duba hannun da yad dogara da shi. Na hagu. Duba yadda yak kakkaɓe gwiwa guda kahin ya miƙe, ya bar gudar. Wa kin sani mai tashi haka?"

Goggo Hajo ta zuba wa talabijin ido. Na ga dariyar ta bar fuskarta a hankali. Ta ce, "Yaya," da wata irin murya, ta ja gefen mayafinta ta rufe fuska.

Inna ta ce, "Don ki gani nik kawo shi, ba don waɗanga ba."

Ni ban san haka nake tashi ba. Ba wanda ya taɓa faɗa mini. Na tsaya ina kallon bayana a talabijin, wani siririn yaro mai manyan kunnuwa cikin riga ruwan hoda yana ɗaga hannu yana tafiya, ina neman mutumin da ban iya tuna fuskarsa ba. Tsofaffin da suka san shi suka fara cewa Allah ya jiƙansa, wata ta ce har tafiyar ma tasa ce in ka cire yangar. Inna ba ta kira sunansa ba, ko a ranar. Ta dai ce in sake mayarwa, na mayar, Goggo ta matso ta zauna a jikinta suka kalla tare.

Hajiya Kulu ce ta ceci bikin. Ta ce duk ta ji, amma wa zai wanke mata zane? Inna ta ce gawar da ke sosa ƙafa ba ta ɓata zane, ta zauna. Aka sake fashewa, aka shigo da shinkafa. Nan take wata ta miƙo mini kwano ta ce, "Marigayi, ci ka ƙara rai." Sunan da ya bi ni ke nan. Kafin mu koma Ƙaura labari ya riga mu isa, majalisa ta tarbe ni da ta'aziyya, mahaucin nan har da ɗaga hannu yana fatiha. Mudi kuwa ya ɓace daga gari sai da ƙura ta kwanta.

Bayan kwana biyu da dawowarmu ina shirin fita, Inna ta kira ni ɗaki. Ta buɗe adakarta, ta zura hannu har ƙasa, ta fito da wata rigar mahaifina a ninke, shuɗiya, ta tsufa amma ba ta yage ba, tana ƙanshin turaren da ya daɗe a rufe. Ta ɗora mini a hannu ba tare da ta dube ni ba.

"Da ka tambaye ni da ba ka sha kunya ba," ta ce. "In za ku sake, ga wagga. Waccan taka ko a baƙi da fari ba ta yi ba."

Ba mu sake ba. Sa rigar na yi na zauna a tabarma kusa da ita, na ce ba sai an kawo wuta ba, duk lokacin da take so ta ce in tashi. Ta ce in rufe mata baki in tafi neman sana'a, maigidan da ba ya cefane. Na tashi zan fita. Ina jin idonta a bayana har na kai zaure.

Abin da na koya dai shi ne, in za ka yi ƙarya ka fara tambaya ko zanen na anko ne. Kuma kada ka ga talabijin ɗin tsohuwa baƙi da fari ce ka ɗauka idonta ma haka yake.